Amsar Baffa kan 'yan lifidi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce ranar hawan Daushe ka ga 'yan lifidi, su da dawakinsu an naɗe su kamar katifa cikin wannan rana, har ka rasa ko ado ne ko horo. Ka kuma ce an gaya maka yawancinsu daga gidajen bayin sarki suke, alhali a finafinan Turawa masu rigar ƙarfe 'ya'yan sarauta ne. To, gyara zama.

Lifidi kayan yaƙi ne. Zane ake ninkawa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a ɗinke tam, a sa wa doki da mahayinsa, don kibiya mai dafi ta maƙale kafin ta kai fata. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, bayan an yi masa ɓarnar mutane a yaƙi. Amma abin da nake so ka riƙe yana nan cikin labarinsa: an ce ya riƙa aika wa Kwararrafa, mutanen wata daula ta kudu, dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Nan maganar take.

Ka taɓa ciyar da doki? Ni na yi ɗan ciyawa a gidan kakanka, na san abin. Ingarma ɗaya yana cin dawar da za ta riƙe ƙaramin gida, ga harawa, ga dusa, ga kanwa, ga yaron da ba shi da wani aiki sai barga. Wanda zai ɗauki lifidi kuwa ba kuru ba ne, sai babban doki, irin waɗanda ake kawowa daga Barno ko Azbin ko ƙetaren Sahara. Wani matafiyi da Turawa ke kira Leo Africanus ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yakan ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Kuma dokin ba ya daɗewa. Da an gangara kudu da shi ƙudan tsando ya cije shi, shi ke nan. Sai a sake saye. Da me? Da mutanen da za a kamo a kan dokin. Ana hari don a sami doki, ana neman doki don a kai hari. Ba na jin daɗin faɗa maka wannan, don mu ma muna da dangi ta kowane ɓangare, amma ƙyalƙyalin da ka gani ranar Sallah da wannan aka gina shi.

Talaka fa? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Shi kwari da baka ne nasa, a ƙasa. Ko rabon ganima ya bambanta su: a mazhabarmu ta Malikiyya mai doki kashi uku yake ɗauka, biyu na dokin, dakare kuwa ɗaya.

Yanzu batun bayi da 'ya'yan sarauta. A Faransa da Ingila sarki ƙasa yake yanka wa babban mutum, shi kuma ya sayi dokinsa da sulkensa daga abin da manoman ƙasar suka biya, ɗansa ya gada. Shi ya sa mai rigar ƙarfe a can ɗan gado ne. Mu ma muna da irin wannan: hakimi yana da garuruwansa amma yana zaune a birni, in an buga tambari ya fito da barorinsa, waɗanda shi ya ba su doki da sirdi. Ka saurari sunayen sarautun kawai: Madaki, wato Madawaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta, Barde, Shamaki mai kula da barga. Sai dai kayan da suka fi tsada sarki ba ya son su bar hannunsa. Ɗan sarkin da ya tara 'yan lifidi gobe gadon sarauta zai hanga. Bawa kuwa ba a naɗa shi sarki, saboda haka shi ake ɗora wa lifidi a sa shi kusa da sarki. Lissafin ba koyaushe yake fita ba. A Masar bayin mahaya da ake kira Mamluk sun karɓe mulkin gaba ɗaya a 1250, sai 1517 aka raba su da shi.

Kada ka ɗauka lifidi ba shi da magani. Mai shi sai an ɗora shi a kan doki, in ya faɗo da ƙyar yake tashi, auduga kuma ba ta shiri da wuta. A Tabkin Kwatto a 1804 Yunfa Sarkin Gobir ya zo da dawaki da lifidi, jama'ar Shehu yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, kuma su suka yi nasara, kamar yadda 'yan bakan Ingila suka yi wa baraden Faransa a 1415. Abin dariya, da mulki ya zauna a hannun masu jihadi, su ma barga suka cika. Bindigar Nasara mai aman harsashi ce ta ƙare zancen a 1903, daga nan lifidi ya koma na hawa.

In ka zo hutu zan kai ka bargar wani tsohon abokina a cikin gari. Ka tambaye shi buhu nawa na dawa dokinsa ke ci daga Sallah zuwa Sallah. Ka gaida babarka da ƙannenka.