Kwaikwayo daban, jabu daban

Ɗana, ka tambaye ni ko kalmomin Turancin nan biyu da kake gani a takardun dillalan kaya, wato imitation da counterfeit, ma'anarsu ɗaya ce, tunda kowacce tana nufin abin da aka ƙera don ya yi kama da wani. Ba ɗaya ba ce, kuma a sana'armu ta ƙirar zinare tazarar da ke tsakaninsu ita ce ta halal da haram.

Ta farko tana nufin kwaikwayo. Idan ka ƙera sarƙa da tagulla, ka yi mata ruwan zinare, ka faɗa wa mai saye abin da ke cikinta, ka sayar a kan kuɗin tagulla, babu laifi a kanka, domin ba kowace amarya ce ake iya saka wa gwal a lefe ba, kuma ita ma tana son yin ado. Ta biyun kuwa tana nufin jabu, kuma abin da ke mayar da kwaikwayo jabu ba ƙarfen ba ne, da'awar da aka ɗora masa ce. Sarƙar nan guda, da zarar ka buga mata hatimin 875 a maɗaurinta, ka shaida cewa karat 21 ce, wato kashi 875 cikin 1000 zinare ne, kamar yadda 750 ke nufin karat 18, 916 kuma karat 22. Wannan shi ne algus, kuma ya fi cutar da mata, saboda da yawansu ajiya suke yi da gwal, sai ranar da rashin lafiya ko kuɗin makarantar yara ya sa suka kawo shi sayarwa sannan su gano an cuce su.

Saboda haka kada ka dogara da hatimi idan an kawo maka kaya. Ka fara auna nauyinsa, domin zinare ya kusan ninka tagulla nauyi. Sannan ka goga shi a kan baƙin dutsen gwaji har ka wuce rufin sama, ka ɗiga asid a kan layin da ya bari. Na tagulla zai narke ya ɓace, na zinare zai tsaya. A rasit kuma ka rubuta karat da nauyi, idan ruwan zinare ne ka rubuta hakan ƙarara kafin mai saye ya biya.