Tsohuwar mota ko sabuwa a tseren 'yan kulob: kaurin ƙarfe ba shi ne kariya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, na yi shekara uku ina tara kuɗi don in shiga tseren 'yan kulob na ƙarshen mako. Na ga BMW E36 ta 1997 mai araha, ga kuma Toyota 86 da za ta kusa cinye abin da na tara. Tun da na fara maganar, mahaifiyata ta kasa barci, ni ma ina da 'ya'ya biyu. Abokaina sun ce in ɗauki tsohuwar domin ƙarfenta ya fi kauri, ta zamani gwangwani ce, kuma akwai mai walda a Sina'iyya, unguwar garejoji, da zai haɗa mini kejin ƙarfen da ke kare direba idan mota ta kife, da kuɗi kaɗan. Wacce zan saya hankalinmu ya kwanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Fargabarta tana da tushe, musamman da na ji shawarar da abokanka suka ba ka.

A wajen gudu, motocin nan biyu ba su da wata rata mai yawa. E36 ƙirar 328i tana da ƙarfin doki 193, ita kuwa 86 da ta fito a 2012 tana da 200, nauyinta kusan kilo 1,250, duka biyun kuma tayun baya ke tura su. Tsohuwar ta fi saukin saye, kayanta suna nan a tashlih, wato wurin sayar da kayan matattun motoci, amma lagiretonta da famfon ruwanta suna da sassan roba da suka sha zafin Hijaz fiye da shekara ashirin, kuma ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yakan tsage. Sabuwar za ta buƙaci na'urar sanyaya baƙin mai idan za ka wahalar da ita da rani. Wannan duk abin gyara ne.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne maganar nan ta "gwangwani", wadda kusan kullum sai wani ya shigo garejina da ita. Mutum zai ƙwanƙwasa bodin tsohuwar mota, ya ji ƙarar ƙarfe, ya ce wannan ita ce mota. To bodin waje ba shi ne ke tsare ka ba. Idan mota ta daki katanga, ƙarfin gudun nan dole ya samu inda zai tafi. Ko dai gaban motar ya lanƙwashe ya shanye shi, ko kuma ya wuce kai tsaye zuwa ƙirjinka da wuyanka. Wannan lotsewar da abokanka ke raina wa da gangan aka ƙera ta. Injiniyan Mercedes, Béla Barényi, shi ya ƙirƙiro tsarin, kamfanin ya fara sa shi a motocinsa a 1959: gaba da baya su murƙushe, ɗakin da mutum ke zaune ya tsaya daram. Motocin zamani suna yin ginshiƙan ɗakin da ƙarfe mai tauri wanda ya ninka na da ƙarfi, ko da ya fi shi siranta. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka mai gwajin haɗarin mota ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 a gudun kilomita 64 a awa. Ɗakin tsohuwar ya rufta kan mutum-mutumin da ke sitiyari, na sabuwar ya tsaya. Kada ka ce ai ta 1997 ba ta 1959 ba ce: da Euro NCAP, hukumar gwajin haɗarin mota ta Turai, ta gwada irin wannan E36 ɗin a 1997, ba ta wuce tauraro biyu ba, kuma a lokacin tana sabuwa fil, babu tsatsa, babu tsohon haɗarin da aka rufe da fenti. Ka kuma tuna idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi.

Sai mai waldar, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Na sha yanke keji daga motocin samari in tarar da bututun ruwa ne aka fente baƙi, an liƙa shi a kan farantin ƙasan mota ba tare da an ƙarfafa wurin ba. Ranar da motar ta kife, ƙafar kejin za ta huda ƙasan ta fita, ko waldar ta ɓalle bututun ya zama mashi a cikin ɗaki. Ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, a rubuce take: babban bakan kejin da ke bayan direba sai an yi shi da bututun ƙarfe marar ɗinki, mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da 2.0. Ka tambayi mutumin naka waɗannan lambobin. Idan ya ce "kai dai bar mini, na daɗe ina yi", ɗauki makullinka ka fita. Wanda ya iya haɗa ƙofar gida da tagogi ba shi da hurumin taɓa abin da uban yara zai kife a cikinsa.

Ko kejin na ƙwarai ne, ba ya aiki shi kaɗai. Keji, kujerar tsere, bel mai madauri shida, hular kwano da abin riƙe wuya na HANS, tare suke tafiya. Ka sa keji ka riƙa yawo a titin Madina ba hula, ƙaramin karo ya isa ya haɗa kanka da bututun. Ka ɗaure jiki tamau da bel ba HANS, jiki ya tsaya, kai ya wuce gaba. Irin wannan karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe direban tseren Amurka Dale Earnhardt a Daytona a 2001, gasar Formula 1 kuma ta wajabta HANS a 2003.

Don haka ga abin da nake gani. Tsohuwar mota tana da kyau ga wanda zai tuɓe ta gaba ɗaya, ya kai ta wurin masu kejin da hukumar tsere ta Saudiyya, SAMF, za ta amince da aikinsu, ya riƙa ɗaukarta a kan tirela. Idan ka lissafa wannan, arahar ta gudu. Kai da kake farawa, nemi 86 ta shekarun farko wadda ba ta taɓa haɗari ba, ka rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don hula, tayu da birki. Ka bar mata jakar iskarta da bel ɗinta na kamfani, kada kuma ka kashe kwamfutar da ke hana ta zamewa sai mai koyarwa ya ce ka isa. Shekarar farko ka tsaya ga ranakun atisaye da tseren agogo a fili irin na Dirab kusa da Riyad, inda ba a gogayya kafaɗa da kafaɗa. Inshorarka ta titi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, ka san da wannan tun yanzu.

Kafin fitarka ta farko, zubar da man birkin da ke ciki. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma idan ya sha danshi yakan sauko zuwa 155, kuma ka san danshin Jidda. Duba lambobi huɗun ƙarshe a gefen taya, sati ne da shekarar ƙira. Wadda ta haura shekara biyar ka cire ta ko zanenta bai cinye ba. Sannan ka kai wa Hajiya hular da takardar rajistar filin ta gani da idonta, ka gaya mata akwai motar asibiti a wurin, ka nemi izininta kafin ka biya kuɗin motar.