Sanwicin Italiyawa a gidan burodin unguwa: wanne zan iya ci?

Ɗan'uwa, ka ce ka koma New York, kuma gidan burodin unguwarku yana sayar da sanwicin Italiyawa, kana so ka san wanda ya halatta gare ka.

Yawancin naman da ake yankawa siriri ana jerawa a ciki na alade ne: prosciutto, salami, capicola, da mortadella ta birnin Bologna. Wanda ake rubutawa "Italian hero" yakan haɗa biyu ko uku daga cikinsu, don haka ka bar shi gaba ɗaya. Bresaola ta yankin Valtellina naman shanu ne da aka shanya da gishiri, amma sai ka tambayi yadda aka yanka dabbar, ga shi wasu kan jiƙa shi da giya.

Ni abin da nake ba ka shawara shi ne caprese: cukuwin mozzarella, tumatir, ganyen basil da man zaitun a cikin ciabatta, burodin nan mai ramuka da aka fara yi a garin Adria na Italiya a 1982. Wallahi idan da ɗuminsa ne ba ka rasa komai ba. Na kifin tuna ma yana da kyau.

Shi kansa burodin ka bincika, domin wasu kan sa kitsen alade a kwaɓin, musamman piadina, wani shimfiɗaɗɗen burodin Italiyawa. Sannan ka roƙi mai shagon cikin ladabi ya sauya safar hannu ya goge wuƙa, tunda inji ɗaya yakan yanka nama da cuku.