Dalilin da ya sa ruwan teku ke da gishiri

Malam, ka tambaya me ya sa ruwan teku ke da gishiri alhali na kogin Haɗejiya da muke noman rani da shi ba shi da shi. Gaskiya shi ma yana da shi, kaɗan ne ƙwarai, harshe ba ya ji. Ruwan sama na narkar da sinadaran duwatsu da ƙasa, koguna su kwashe su zuwa teku. Can rana ta ɗebe ruwan ya zama girgije, gishirin kuma ya zauna. Haka ake ta yi shekaru aru-aru, har yanzu kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35.

Akwai kuma abin da ke fitowa daga ƙarƙashi. A 1977 masu bincike cikin ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin suka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan tekun Pasifik kusa da tsibiran Galapagos, suna fitar da ma'adinai. Abin da ya fi burge ni, sun tarar da tsutsotsi da kaguwa na rayuwa a wurin, inda hasken rana ba ya kaiwa.

Namu kogin dai bai kai teku ba, ta Yobe yake bi ya nufi tafkin Chadi.