Amsa ga 'yar'uwar da kyauta ta zo mata ba zato

Salama, 'yar'uwa. Kin ce kuɗi sun shigo miki daga inda ba ki sa rai ba, a daidai lokacin da bashi ya sha miki kai. Kina tambaya yadda za ki gode wa Ubangiji, ko dole ne ki fitar da zakka a ciki, da kuma ko ki ba da shaida a gaban ikkilisiya.

Tukuna dai, ki tabbata naki ne. Ba duk kuɗin da suka faɗo asusu ne albarka ba. Wani lokaci mai aikawa ne ya kuskure lamba ɗaya. Ki duba suna, ki kira mutumin, in ba ki san shi ba ki tambayi banki, kada ki taɓa komai sai magana ta fito fili. A Farawa 43:12, da 'ya'yan Yakubu suka tarar da kuɗinsu a bakin buhunan hatsi, ana tsakiyar yunwa, uban cewa ya yi su mayar, wataƙila kuskure ne.

In ya tabbata kyauta ce, ki gode a ranar. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya ne kawai ya juyo, shi ma Basamariye. Godiyar da aka ce sai Lahadi, kafin Lahadin ta huce. Ki durƙusa ki faɗa wa Allah abin dalla-dalla: nawa ne, ta hannun wa, wace buƙata ya rufe. Sannan ki kira mai kyautar. Wasu kan ce "ai Allah ne ya yi", su bar wanda Allah ya aiko ko sannu babu. Wannan butulci ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kashewa. Ki karanta 2 Sarakuna 4:1-7, labarin gwauruwar da mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Da mai ya cika tuluna, Elisha ya ce ta sayar, ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci sauran. Bashi ne farko. Ki ɗauki takarda ki rubuta jimlar abin da ya zo, a ƙasa ki jera basussukan, mai ruwa da wanda wa'adinsa ya matso a sama. Duk abin da ba bashi ba, ki jinkirta shi mako guda, domin hannu ba ya jin nauyin kuɗin da bai sha wahalarsu ba. Kada kuma ki yi wa Allah alkawari cikin zafin murna. Mai Hadishi 5:5 ya ce gara ba a yi wa'adi ba da a yi a kasa cikawa.

Zancen zakka, ikkilisiyoyi sun bambanta. Wasu na koyar da ɗaya bisa goma a kan duk abin da ya shigo, wasu a kan abin da mutum ya yi aiki ya samu, kyauta kuwa a yi mata baikon godiya. Ki tambayi fastonki, ki yanke abin da za ki bayar da daɗin rai kamar yadda 2 Korantiyawa 9:7 ta koyar, ki ware shi nan take. Amma in mai kyautar ya ce don bashin ya bayar, kada ki karkatar da komai sai da saninsa.

Shaida kuwa ki bayar, minti biyu ko uku sun isa. Kada ki faɗi adadi, kada ki ambaci suna sai da izini, in ba haka ba gobe masu roƙo su cika ƙofar bawan Allah. Kada ki ce azuminki ne ya jawo. A bencin da ke bayanki akwai wadda ta fi ki azumi, har yanzu tana jira.

Musa ya sa Haruna ya adana mudu guda na manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a tulu don na baya su gani (Fitowa 16:33). Ke ma ki sami ƙaramin littafi, ki rubuta kwanan wata, buƙatar, da abin da ya zo, ki bar sauran shafukan a buɗe.