Amsa ga mai gona a gindin dutse

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce gonarka tana gindin dutse, kana son ka gane inda ruwa zai ci tun damina ba ta sauka ba. Wallahi kamar ni na rubuta. A gangaren Adar nake noma, wajen Keita, kuma na ɗanɗana.

Daina kallon kwazazzabon da ke ƙasa, hau sama. Ni shekara uku ina cusa buhunan yashi a bakin rami, ashe ɓarnar daga bisa take gangaro mini. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, fita cikinsa da sanda, ka bi ruwan da ƙafa. Inda ƙananan hanyoyi biyu ko uku suka haɗu, ruwan ya yi ja, kafa sanda. Nan zai tsage.

Abin da ya kashe ni ba ruwa ba ne, mutum ne. Mai gonar da ke samana. Akwai jeren duwatsu a gonarsa tun zamanin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, iyayenmu mata da kansu suka ɗauko su cikin rana. Bawan Allahn nan ya kira masu tifa da rani suka kwashe su tas, ya bi geza da sabara ya sare. Na je har gida na roƙe shi, ya ce gonarsa ce. Wani dare cikin Agusta, gero ya fara fid da kai, aka kwana ana ruwa. Da asuba na tarar da rami ya raba gonar biyu, in na shiga ba a ganin hulata. Gerona kwance can cikin fadamar mutane, yashi ya binne shi. Na zauna a bakin ramin na kasa tashi, ɗana ƙarami yana ta jan rigata. Da muka je gaban mai gari cewa ya yi ruwan Allah ne. Ruwan Allah! Duwatsun ma Allah ne ya loda su a tifa? Har yau muna haɗuwa a masallaci, gaisuwa ce kawai.

To, ko da rani ƙasa tana nuna maka. Itacen da saiwoyinsa suka fito waje, ƙasar da ta rufe su ta tafi. Tsakuwa zaune kan ɗan tudu kamar an ɗora ta, ruwa ya kwashe ta gefenta. Fako mai sheƙi kuwa ba ya shan ko ɗigo, duk abin da ya sauka kansa wa na ƙasa yake turawa, shi ya sa mu a nan muke fasa shi da tassa da rabin wata, wato ƙananan ramuka da ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwa. Kuma in za ka jera duwatsu, auna da tiyon ruwa tukuna don kada wani gefen layin ya fi wani tudu, layin da ya karkace shi ma rami yake haifarwa. Bayan layin dasa gamba ko jema.

Af, ka duba ko burtali ya ratsa ta saman gonarka, don kofaton shanu kan daddale ƙasa ta zama hanyar ruwa. In akwai, turo hotonsa mu gani, ka kuma faɗa mana gonar wa ke samanka.