Amsa ga ƙanenmu tela na wajen Jahun

Salamu alaikum jama'ar wannan dandali namu na masu kilasta, wato ciwon kan nan mai tsanani na ɓari ɗaya da ke tsira a bayan ido. Malam tela, kai da ka rubuto cewa wata na biyu ke nan ciwon yana tashinka ƙarfe biyun dare, idon dama na zubar da hawaye, hanci ya toshe, da safe ka je shago kana gyangyaɗi a kan keke, har maigidanka ya soma tambayarka ko shaye-shaye ka fara, kana neman shawara ko ka ajiye aikin ka koma ƙauye har Allah ya kawo sauƙi. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi. Sannu ƙanena, Allah ya sa kaffara ne.

Kada ka ajiye. In ka tafi shiru yanzu, maganar da ya faɗa ita za ta zauna a bakin mutane, kuma a garuruwanmu in aka laƙaba wa mutum sunan ɗan ƙwaya, ko sabulu ba ya wanke shi.

Ni nawa na hagu ne, kuma da kaka yake zuwa, daidai lokacin da aiki ke kankama a injin casar shinkafa da nake yi a wajen Kura. Shekaru na yi a wurin mai injin, ni ke buɗe wuri, ni ke rufewa, ko tiya ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ranar da abin ya faru na ɗan kishingiɗa ne bayan azahar a kan buhuna, barci ya ɗauke ni, ina farkawa na ji ciwon ya soma tsira a bayan ido. Kun dai san yadda yake, ba ya barin mutum ya kwanta. Na zagaya bayan rumfa ina kai da kawowa, ina danna ido da tafin hannu, ina buga kai a jikin buhu, majina na zuba ta hanci ɗaya. Sai ga mai injin ya taho da baƙi 'yan kasuwa daga Dawanau. Ya tsaya ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ku dubi idonsa. Ƙwaya ce ta yi masa karo." Ya sa yara biyu da ni na koya wa aiki suka laluba aljihuna a gaban kowa. Farasitamol suka samu da ƙaramin gwangwanin man zafi. Ya ɗaga katin maganin sama yana nuna wa baƙi kamar ya kama ɓarawo. Ni kuwa ko magana na kasa, don a lokacin ko sunana ka tambaye ni ban iya faɗa. Bayan kamar awa ɗaya ciwon ya sake ni, na wanke fuska na dawo garau, sai ya ce, "Kun gani? Ta sake shi." Wannan dawowa garau ɗin ita ke ja mana, babu mai yarda mutumin da ke birgima ɗazu yanzu yana ɗaukar buhu.

Da ya tsaya a kora ta da sauƙi. Sai da ya taka har wurin surukina ya gaya masa, wai nasiha yake. Aka zo aka tafi da iyalina gida da yarinya a goye. Har yau in na gan shi a sahun gaba ranar Juma'a sai na yi ta istigfari kafin zuciyata ta kwanta. Na ce na yafe, amma Allah ya sani yafiyar ba ta gama sauka ba. Ko da gaskiya ta fito, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Sai dai in mun haɗu ya ce "ya jiki", shi ke nan.

A cikin kwanakin nan ne, gida ba kowa, ciwon ya tashe ni sau uku a dare ɗaya. Na fita ba takalmi, ban san inda nake tafiya ba sai da na gan ni a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Tiga. Abin da ya zo min a rai a wurin ba zan rubuta shi ba, da yawanmu a nan sun san shi. Wani mai gadin tumatir ne ya hasko ni da tocila, ya riƙe ni har abin ya lafa. Ƙanena, in irin tunanin nan ya taɓa gifta maka, ka faɗa wa wani a daren, kada ka jira gari ya waye, kuma ka faɗa wa likita ƙarara. Ba raunin imani ba ne, zafin ne ya kai haka.

Ka ce an yi maka ƙaho an kuma yi hayaƙi. Ni ma duk an yi min, har haƙori lafiyayye aka cire min a wani wuri, ga ramin nan har yau. Addu'a kam ba ma barin ta, amma hayaƙin nan ka daina, ƙamshi mai ƙarfi tayar da shi yake yi in kana cikin zango, wato makonnin da ciwon ke zuwa a jere. Haka warin fetur, haka fenti. Janaretan shagonku in yana bakin ƙofa ka roƙa a matsar da shi. Barcin rana ma ni na haƙura da shi gaba ɗaya in kaka ta yi. Taba kuwa, in kana sha, to likitoci sun ce ciwon ya fi yawa a cikin masu shan ta.

Ni sai da na je Asibitin Malam Aminu Kano, wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sannan aka ce min kilasta ne. Kai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Birnin Kudu sun fi maka kusa, ka fara da can, su tura ka gaba in da buƙata. Ka tafi da littafi da ka rubuta ƙarfe nawa ya zo, minti nawa ya yi, wane ɓari. Da wannan likita ke gane shi, don shi daga minti 15 zuwa awa 3 yake yi, yana iya zuwa har sau 8 a yini, kuma yana riƙe lokaci saboda daga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da barci da farkawa yake tasowa. Mutum 1 ne cikin kamar 1,000 ke da shi, shi ya sa mai kemis ɗin garinku bai taɓa jin labarinsa ba. Ka yarda a yi maka hoton kai in sun ce a yi. Kuma duk ranar da ka ji ya sake salo, da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ko hannu ya mutu, wannan ba namu ba ne, asibiti kai tsaye.

Ƙwayar haɗiya ba ta cim masa, kafin ta narke ya gama abin da zai yi. Tiramol kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ba ya taɓa wannan ciwon, sai dai ya gaskata maganar maigidanka. Abin da ke kashe shi iskar oksijin ce zalla, lita 12 zuwa 15 a minti, da takunkumi mai jaka, kana zaune ka sunkuyo, kamar minti 15 zuwa 20. Ranar farko da aka sa min, na ji yana janyewa, kuka na yi a gaban nas. Ƙaramin injin oksijin ɗin nan na gida yawanci lita 5 yake bayarwa, bai isa ba, sai tukunya, wato silindar oksijin. Akwai allurar sumatirifitan, miligiram 6, ba a wuce biyu a yini, kuma mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ba a yi masa. Tsada gare ta kuma ba ko'ina ake samu ba, ba zan ɓoye maka ba. Na rigakafi berafamil ne, shi nake fara sha da an soma girbi, amma sai an riƙa auna bugun zuciya, don Allah kada ka saya da kanka don ka ji sunan a bakina.

A layin asibitin nan na haɗu da wani dattijo direban babbar mota daga Haɗeja. Ya kalli idona ya ce, "Kamar an gasa ƙusa ana cusa maka, ko?" Ban taɓa jin wani ya faɗi abin daidai ba sai ranar. Shi ya shigo da ni cikin dandalin nan. Shi ya bi ni har gidan surukina da takardar likita, ya zauna a zaure ya yi bayani, dattijo ga dattijo, aka dawo min da iyali. Har yanzu in zango ya zo, filashin kawai nake masa da dare, ya kira, ba ya cewa komai sai "ina nan, ina nan" har ya wuce.

To batun shagonka. Ka sa iyalinka ta ɗauke ka a waya lokacin da ya kama ka, ko minti biyu ne. Na san da kunya, amma ka nuna wa maigidan, ka haɗa da takardar asibiti, kuma ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa, kada ka je kai kaɗai. Ka gaya masa abu ne mai zango, makonni yake yi ko 'yan watanni ya ɗauke. Ku daidaita ka riƙa zuwa da hantsi ka biya da yamma. Kwanan shago na ɗinkin salla shi ne abin da zan ce ka guje masa in ya faɗo cikin zangonka, ɓacin barci abokin gabarmu ne. Ni yanzu noman rani nake a Kadawa, wani ƙanena ke zuba wa injin ban ruwa mai, ni ko jarkar ba na taɓawa.

Maganar adashin tukunyar oksijin da muka fara, 'yan Jigawa har yanzu ku uku ne, da Malam tela kun zama huɗu, ya kamata ku ajiye guda a Dutse ko Jahun. Malam tela, ka turo min lambarka ta gefe. Nawa zangon bai ƙare ba, ƙarfe biyun nan ni ma idona biyu, sai ka yi min filashin.